Bindiga a Ɗakin Takaba

Ranar da aka binne Sallau, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, aka kawo wa matarsa abin da ya kashe shi, aka ce ta ajiye.

Uwar mijin ce ta shigo da shi da kanta, Inna Dudu, a naɗe cikin tsohon buhun gishiri. Altine na zaune a kan tabarmar takaba, idanunta sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Inna ta durƙusa ta tura buhun can ƙarƙashin gado, ta jawo ƙore ta tare, sannan ta miƙe tana karkaɗe gwiwa.

"Ɗiyata, ajiya ta. Babu mai shiga ɗakin mai takaba, shi as sa. Ki yi kamar ba ki san da ita ba."

Altine ba ta tambayi abin da ke cikin buhun ba, don da idonta ta ga aikinsa.

Da safiyar ranar nan tana wanke tukwane a mashigar da ke bayan gida, inda ba mai zuwa sai mutanen gidan. Sallau da ƙanensa Jabiru suna cikin jirgi, ba nisa, har tana jin muryoyinsu. Sun kama giwan ruwa ƙato, sun jawo shi cikin jirgi yana ta dukan katako da wutsiya. Kowane masunci ya san abin da ake yi wa giwan ruwa, a ɗauki kulki a buga masa a ka ya kwanta. To kulkin yana can ƙarshen jirgi, Jabiru kuwa bindigarsa na rataye a kafaɗa, don tun da ya dawo daga yaƙin basasa ko bayan gida ba ya zuwa sai da ita. Ya sauke ta, ya riƙe ta a tsaye kamar taɓarya, ya daka gindinta a kan kifin. Sallau na bayansa, ya sunkuyo yana riƙe da igiya.

Bindigar ta tashi. Ba sau ɗaya ba irin ta maharba, a jere ta yi ta zuba, ta kuɓuce daga hannun Jabiru ta ƙarasa amanta a cikin katakon jirgi. Sallau ya zauna a hankali kamar wanda ya gaji, sannan ya kife.

Mahaifinsu Mainasara shi ya fara isowa. Ya dubi babban ɗansa cikin jini, ya dubi ƙaramin, a tsayen nan ya yanke shawara. Suka naɗe gawar cikin taru, suka shigar da ita gida kafin maƙwabta su iso. Shi da Jabiru suka yi wanka, suka sa likkafani, ba su bari kowa ya kama musu ba. Aka gaya wa jama'a cewa Sallau ruwa ya faɗa, taru ya naɗe shi a cikin itatuwan da tafki ya haɗiye. Maganar ta shiga, domin tun da aka datse kogi a Kainji, ruwa ya cinye tsibirinsu, aka kwaso su aka zuba a wannan sabuwar tunga kusa da Wara, tafkin bai daina cin mutane ba. Wani ya tambayi ƙarar da aka ji da safe. Mainasara ya ce injin jirgin ma'aikatan tafki ne yake tari. Mutanen tunga ba kurame ba ne, sun san tarin inji, amma Mainasara dattijo ne, kuma ana cikin makoki, kowa ya haɗiye tambayarsa.

Da yamma Mainasara ya zo ya tsaya a bakin ƙofar Altine, bai ɗaga labule ba.

"Altine, abin da ya hwaru ƙaddara ta. Na rasa guda, kar ki sa in rasa biyu. Ruwa yac ci shi. Kin jiya?"

"Na ji, Baba."

Ko sunan mamacin bai kama ba. Sallau ɗan fari ne, iyayensa ba sa faɗin sunansa, ba sa yi masa kuka a gaban mutane. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba wa Inna Dudu, wai mace mai kunya, ko ɗigon hawaye ba ta bari an gani ba. Altine kaɗai ta san cewa kunyar nan ta zo musu a daidai, ta zame musu mayafi. Jabiru kuwa auta ne, shi Inna ke bi da ƙwaryar fura har ɗaki tana lallashi, wai tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

Ba a daɗe ba 'yan sanda suka zo daga Yelwa a jirgin inji. An yi shela cewa duk wanda ya dawo daga yaƙi da makami ya mayar, ga shi ana raɗe-raɗin akwai bindigogi a tungayen bakin ruwa. Suka birkice ɗakin Jabiru, suka leƙa rumbu, suka tona tokar murhu. Da suka nufo ɗakin Altine sai Mainasara ya sha gabansu.

"Ranka shi daɗe, mai takaba ta a ciki. Mijinta ko arba'in bai yi ba."

Sajan ya ja da baya, ya cire hularsa, ya yi magana daga waje. "Baiwar Allah, Allah ya ji ƙansa. Allah ya ba ki haƙuri."

Altine ta buɗe baki. Inna na zaune a gefenta, ta zura hannu ƙarƙashin zane ta kafa mata farce a cinya, ta murɗa. Abin da ya fito daga bakin Altine shi ne amin. Ta ji takalmansu suna nisa, ta ji injin jirginsu ya tashi. Ƙararsa da wadda aka ji ranar mutuwar Sallau ba su haɗa komai ba, kuma duk tunga ta gane.

Washegari da hantsi Jabiru ya ɗaga labule ya shigo ba sallama. Namiji baligi a ɗakin matar wansa tana takaba. Da a wani gida ne, da duk tunga ta ɗauka. A nan kuwa Inna ce ta kawo turminta bakin ƙofa ta zauna tana sussuka, tana gadi. Ya jawo buhun, ya zazzage a kan tabarmar da Altine ke zaune, ya ce tsatsa za ta ci abarsa in ba a shafa mata mai ba. Ya dubi ɗakin yana neman tsumma, ya buɗe akwatin Sallau, ya ciro rigarsa ta zuwa Juma'a, ya yage hannunta.

Haka aka ci gaba kullum. Altine ba ta da inda za ta, mai takaba ba ta fita, dole ta zauna ta kalla. Bindigar gajeriya ce, baƙa, in an naɗe gindinta ba ta fi muciya tsawo ba, mutum zai iya sa ta cikin babbar riga ya ratsa kasuwa ba a sani ba. Wajen bakinta duk huji ne kamar rariya. Gidan harsashinta a lanƙwashe yake, a gefe ake soka shi. Jabiru mutum ne mai son a san ya iya, ga shi ba wanda zai nuna wa a waje, sai ya mai da matar wansa 'yar kallo.

"Matar Yaya, kin ga wagga? Ba harba-ruga ta maharbanku ba ta, da za a ɗura, a harba, a sheƙa. Wagga ba a gudu. Kin ga ɗan makullin ga kusa ga babban yatsa? Nan barci takai. Nan ɗai-ɗai takai. In kin kai shi nan kau, ruwa na." Ya yi dariya. "Sai dai tana da hawa. In ba ka danne ta ba, sama za ta kai ka, ka ƙare da harbin tsuntsaye."

Ya kan karanto dokokin da ya ce an koya musu a bariki, yana kaɗa kai kamar mai hadda. Ba a nuna wa mutum bakinta ko da wasa. Ba a barin ta a buɗe. In an gama a cire gidan harsashi, a leƙa ciki a tabbata babu saura. Yana faɗa yana juya bakinta ta ko'ina, ya nuna ƙofa, ya nuna randa, ya nuna ƙirjin Altine.

Rannan ta kasa daurewa. Ta ce, "Ran nan cikin jirgi, ina makullin yake?"

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta, idanunsa suka kaɗa. A hankali ya soka gidan harsashi, ya ja ta ya ɗana, ya matso ya ɗora mata bakin a goshi. Ƙarfen da sanyi, yana warin mai.

"Kin ga wani abu ran nan?"

Taɓaryar Inna ta tsaya a waje, sannan ta ci gaba da sauka.

Da ya fita Altine ta rarrafa bakin ƙofa ta ce, "Inna, kin ga abin da yay yi min?"

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wasan ƙanen miji na, ke ma kin san shi da wasa. Kuma yaƙi ya taɓa shi. Ke kin san abin da yaron ga yag gani can? Ki bar tsokanatai."

Kowa a gidan yana da tasa hujjar, kuma duk a bakin ƙofarta ake zubarwa. Mainasara ya ce bindigar nan ita ke tsare tunga daga ɓarayin taru. Inna ta ce wanda ya tafi ba ya dawowa, a ji da mai rai. Jabiru ya ce shi ma ba ya barci, wa ya taɓa tambayarsa yadda yake ji? Ba wanda ya taɓa tambayar Altine yadda ake kwana a kan gado alhali abin da ya huda mijinki yana ƙarƙashi.

Wata rana ta ji muryar wanta Haruna a zaure, ya taso daga Yelwa ya zo duba ta. Ta miƙe ta kama bakin ƙofa ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Yaya! Ba ruwa yac ci shi ba! Yaya, shigo ka gani!"

Inna ta rufa mata baki da tafin hannu ta tura ta ciki. Daga zaure Altine tana jin Mainasara yana magana a natse, muryar dattijo mai abin tausayi.

"Ka ji irin ta ko, Haruna? Tun ranar da abin yah hwaru take haka. Bakin ruwa anka iske ta, muna jin mutanen ruwa sunka shahe ta. Muna nema mata magani. In tag ganka yanzu sai abin shi tashi. Ka bari sai ranar hita."

Haruna mutum ne mai ganin girman manya. Ya yi godiya, aka cika masa kwando da busasshen kifi, ya koma. Altine ta ji fitarsa, ta zauna a ƙasa, ranar ko kuka bai zo mata ba.

Tunda an ce aljanu, sai a yi maganin aljanu. Aka kawo kasko da garwashi, aka zuba sassaƙe da barkono, aka rufe ta a ɗaki. Gidajen nan da gwamnati ta gina musu na siminti ne, taga kamar ta kurkuku, rufin in rana ta take sai ka ce tanda. Ta yi tari har ta amayar da abin da ke cikinta, ta buga ƙofa har hannunta ya fashe. Da aka buɗe Inna ta leƙo ta ce, "Sun hita, ko da saura?" Altine ta gane tambayar. Ta ce sun fita.

Daga nan matan tunga suka ɗauke ƙafa. Wadda ta zo ma daga nesa take tsayawa, ta yi sannu ta juya. Ko da Altine ta faɗi gaskiya yanzu, maganar mahaukaciya ce. Abincinta ya koma ragowar tuwon jiya, wata rana a manta da ita sai la'asar. Wuyanta ya zurma, zanen takaba ya yi mata yawa. Ta tagar nan tana hango Jabiru ya kifa jirgin Sallau a bakin ruwa, ya toshe hujojin da kwalta, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya ce nasa ne. Ta ji Inna tana gaya wa wata maƙwabciya cewa an nema wa auta mata a Ngaski, ko hankalinsa zai kwanta, kuma da zarar waccan ta fita takaba ɗakinta za a gyara wa amarya.

A nan ne tsoro ya ƙare wa Altine, ƙiyayya ta zauna a wurinsa. Ta tsani Jabiru, ta tsani tafiyarsa da dariyarsa da warin man da yake bari a tabarmarta. Ta tsani Inna fiye da shi. Ta daina kawar da kai in yana goge bindiga. Ta zuba ido, tana bin yatsunsa, yadda yake miƙe gindin har ya ce ƙas, yadda yake soka gidan harsashi ya buga da tafin hannu, inda yake kamawa da hagu, yadda yake kafa ta a kafaɗa ya sunkuya gaba. Shi kuwa gani yake ta saduda, har yana ƙara bayani.

Rannan ya haɗa ta tsaf, ya ajiye a tabarma, ya juya baya yana shan ruwa a randa. Tsakanin hannun Altine da bindigar bai kai taki ɗaya ba. Ta dubi ƙeyarsa, ta ga daidai inda za ta nuna. Hannunta har ya tashi. Sai ta hango abin da zai biyo baya. Za a ce mahaukaciya ta kashe auta. Inna za ta yi birgima a tsakar gida tana kiran sunansa, tunga duka ta taya ta kuka. Shi kuwa Sallau yana nan a wanda ruwa ya ci har abada. Ta mai da hannunta cikin zane. Mutuwar Jabiru a ɗaki, ba shaida, ta yi masa sauƙi. So take a ji a waje, a gaban waɗanda suka ji ƙarar farko suka yi shiru.

Wata huɗu da kwana goma suka cika. Jabiru ya shirya zai kwashe ajiyarsa ana gobe fita, kafin mata su cika ɗakin. Sai dai jirgin Haruna ya riga shi, tun da hantsi ya iso da dangin Altine, a gabansu Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinta, tsohuwa mai faɗa wadda ita za ta yi mata wankan fita. Gwaggo ta dubi Altine ta dubi Inna, ta shimfiɗa buzunta a bakin ƙofa ta zauna. Da Jabiru ya zo zai ɗaga labule ta sa sandarta ta tare.

"Ina za ka, samari?"

"Wani ɗan kaya za ni ɗauka, Gwaggo."

"Kayanka a ɗakin mai takaba? A garinku haka akai? Namiji ba shi shiga nan sai ta hita. Koma."

Ya dubi uwarsa. Inna ta sunkuyar da kai, don ba ta da bakin musa abin da ita ta fara faɗa. Ta ja shi gefe ta ce ya kwantar da hankalinsa, buhun na can ƙurya, ba mai leƙa ƙarƙashin gado, gobe in taro ya watse ya ɗauka.

Da safe Gwaggo ta yi wa Altine wanka, ta tsefe mata kai, ta ba ta sabon zane. Maza suka taru a ƙofar gida don addu'a, a inuwar da ke fuskantar tafki, liman da mai gari da Haruna da masuntan tunga, Mainasara a tsakiya, Jabiru na raba goro. A al'ada tabarmar takaba da tsohon zanen na wadda ta yi wa mai takaba wankan ne. Altine ta ce a ba ta ɗaki ta sa kaya. Da ta fito tabarmar na naɗe a hammatarta.

"Kawo in riƙa, ɗiyata," in ji Gwaggo.

"Bari in kai miki ita ƙohwar gida, Gwaggo. Ta daɗe tana ɗauke da ni."

Inna na can wajen tukwane tana rabon waina, ba ta ga nauyin da tabarmar ta yi ba. Altine ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta fito. Hasken ya kashe mata ido, ta tsaya har ya washe. Maza suka ɗago, ana jiran ta durƙusa ta yi godiya. Ta wuce su kaɗan zuwa bakin gangare, ta duba ruwan, babu jirgi ko ɗaya a kai, duk masunta suna nan zaune. Ta shimfiɗa tabarmar, sai ga bindigar.

Jabiru ne ya fara ganewa, farantin goro ya faɗi daga hannunsa. Kafin ya taka, Altine ta miƙe gindin ya ce ƙas, ta ja ta ɗana, ta tura makullin can ƙarshe, ta kafa a kafaɗa ta sunkuya gaba, ta nuna tsakiyar tafki, ta danne ta kamar yadda ya ce.

Ƙarar ta tsaga tunga. Ruwa ya yi ta tsalle a jere, tsuntsaye suka tashi daga busassun itatuwa, awaki suka tsinke. Wasu suka kwanta a ƙasa, liman ya dafe rawaninsa. Kafaɗarta ta yi zafi kamar an doke ta da itace, amma ba ta saki ba sai da bindigar ta yi shiru don kanta.

Ta sauke bakin ƙasa. Ta mai da makullin wurin barci, ta cire gidan harsashi, ta leƙa ciki ta tabbata babu saura. Sannan ta tako ta ajiye su a gaban mai gari, bakin na kallon ruwa. Ta juya ta fuskanci surukinta, ba ta durƙusa ba.

"Baba, yau ma injin jirgi na?"

Ta dubi masuntan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka ci abinci da Sallau a jirgi ɗaya.

"Ku kun san wagga ƙara. Kun ji ta ranar da maigidana yam mutu. Ga mai ita nan tsaye, da gindinta yad daki giwan ruwa, wanai na bayanai. Ku kankare kwaltar jirgin can ku ƙirga hujin. Ni anka ba ajiyarta, a ƙarƙashin gadona tak kwana tun ranar da anka binne shi."

Wani tsohon masunci ya share fuska ya ce a hankali, "Ita ta. Wallahi ita munka ji." Na kusa da shi ya gyaɗa kai, sai maganar ta bazu. Jabiru ya juya zai bi ta bayan gida, Haruna ya cafke wuyan rigarsa, samari biyu suka kama hannuwan. Duk cika bakin nan na bariki, ko turjewa bai yi ba, sai kuka yake yana cewa ba da gangan ba ne, kifin ne, makullin ne.

Mai gari ya dubi Mainasara. "Kai kas sa munka yi ma mutum sallar wanda ruwa yac ci, kana tsaye cikin sahu." Ya ce a ɗaure Jabiru a kai shi Yelwa yau ɗin nan, da bindigar, da jirgin.

Inna ta fito a guje ba mayafi, ta faɗi a gaban Altine tana dukan ƙasa. "Kin kashe ni! Autana, Jabiru, Jabiru! Mi munka yi miki, ɗiyar nan? Ba mu ci da ke ba, ba mu yi miki magani ba?"

Altine ta dube ta, ba ta ji ɗigon tausayi ba, kuma ba ta yi kunyar rashin jin ba.

"Inna, ɗiya biyu kinka haihwa. Wanga kin kira shi sau biyu yanzu. Wancan hwa? Ku hwaɗi sunanai ko sau guda, a ji wanda anka kashe."

Inna ta ci gaba da kiran auta. Mainasara ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya rufe. Ko a ranar kunya ta fi masa sauƙi.

Sai Altine ta faɗa da kanta. Ita ma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko a ɗaki. Ta juya wajen liman ta ɗaga murya yadda na bayan zaure za su ji.

"Malam, sunanai Sallau. Ba ruwa yac ci shi ba, bindiga ta. A sake addu'a."

Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga.

An kankare kwaltar kafin azahar, hujojin suka fito a jere. A jirgin Sallau ɗin aka zaunar da Jabiru a ɗaure, aka ɗaura jirgin a bayan na Haruna, wani na kwarfe ruwan da ke shigowa. Mutanen tunga suka tsaya a gangare suna kallo, kowa na faɗin yadda shi dama tun ranar bai yarda ba. Irinsu ba sa ƙarewa, sai abu ya fito fili kowa ya zama mai gaskiya. Altine ba ta koma cikin gidan ba, ko ƙorenta ba ta ɗauka ba, ta ce a bar wa amarya. Ta naɗe tabarmar ta miƙa wa Gwaggo Talatu.

Gwaggo ta shinshina ta ce, "Warin mai takai."

"Ba shi hita, Gwaggo. Na gwada."

Tsohuwar ta sa ta a hammata, suka shiga jirgi.